Baba Kebul da Ranar da Firinta Ta Yi Shiru

Kafin mai gadin safe ya karɓi aiki, Baba Kebul ya riga ya jingine kekensa a gindin matakala. Ba ya fara gaisawa da kowa sai ya buɗe ɗan ɗakin nan na ƙarƙashin matakalar, wanda a da ma'ajiyar tsintsiya da bokiti ne. A can akwatunan netwok ɗin asibitinmu suke, masu haɗa kwamfutocinmu da juna. Yakan tsaya a bakin ƙofa da jakarsa a kafaɗa, ya zuba wa ƙananan fitilun ido, koraye suna ta ƙyaftawa. Sai ya ɗora bayan hannunsa a kan babban akwatin, kamar uwa mai duba zafin jikin ɗanta. In ya ji ba zazzaɓi, ya ce, "To, sun kwana lafiya," sannan ya juyo ya gaisa da mutane.

Daga nan sai zagaye. Ya leƙa ɗakin kati, ya leƙa ɗakin gwajin jini, ya wuce ɗakin magani, ya hau bene wajen nas-nas masu jinya. Tambayarsa ɗaya ce a kowane tebur. Ya nuna kwamfuta da haɓa, ya ce, "Tana magana da 'yan'uwanta?" In aka ce tana yi, ya wuce. In aka ce ta yi gum, ya ajiye jaka, ya durƙusa ƙarƙashin tebur, ba ruwansa da ƙura.

A ƙarshen watan nan Baba zai ajiye aiki. Ba mu san ko za a tara jama'a a yi masa jawabi ba, domin irin aikinsa ba a ganinsa. Yana cikin bango, yana saman silin, yana bayan kabad. Shi ya sa ya kamata a faɗi wanene shi tun yana raye, yana ji.

Tsofaffin ma'aikata suna tuna lokacin da babu ko kwamfuta ɗaya a asibitin. Katin mara lafiya da hannu ake ɗaukarsa. Sakamakon jini kuwa, sai mutum ya sauko daga bene ya karɓa, ya koma yana haki, wani lokacin ya tarar na wani ya ɗauko. Sista Babba, shugabar masu jinya, ta ce takalma nawa matakalar nan ta cinye mata, ita kanta ba ta sani ba. A lokacin Baba gyaran wayoyin ofis yake yi, gemunsa baƙi wuluk. Da aka kawo kwamfutocin farko, aka tura shi koyon yadda ake haɗa su, ya dawo da jaka cike da kan kebul, wato wayar haɗa kwamfutoci, da wani ɗan awartaki mai jan hannu. Har yau awartakin nan yana jakarsa, hannun ya koɗe.

An zaci zai fara fasa bango a ranar. Bai taɓa ko ƙusa ba. Ya ɗauki kujera ya yi ta zama a ɗakunan mutane, yana kallon wa ke aika wa wa saƙo. Dogo mai gwajin jini, wanda lokacin saurayi ne, ya gaji da ganinsa ya ce, "Baba, jinya ka zo ko aiki?" Ya ce, "Ina so in ga inda ƙafafunku suke bi. Nan kebul zai bi."

Haka kuwa aka yi. Kowane ɗaki ya ba shi kebul ɗinsa, duk suka taru a akwati ɗaya mai ramuka da yawa, wanda ake kira suwic. Ya ce shi ne tsakar gida, duk mai saƙo nan zai fito ya miƙa. Da ya ga bene ya yi nisa, kuma saƙo yana raunana in kebul ya cika tsawo, sai ya kafa wani ƙaramin suwic a sama, ya haɗa shi da na ƙasa. Kowace kwamfuta ya ba ta adireshinta, kada saƙon ɗakin magani ya faɗa ɗakin kati. Akwatin da ke fitar da mu intanet, wato rauta, ya ce ita ce ƙofar gida, don haka ita ya fi sa wa tsaro. Da aka zo zamanin da masu dubiya ke son intanet a wayoyinsu, ya ware musu tasu hanyar daban, ya ce baƙo ba ya ratsa ɗakin da ake ajiye sirrin marasa lafiya. Kuma bai taɓa ɗora kebul ɗinsa a kan wayar lantarki ba. Ya ce ba sa jituwa, ɗaya yana cika wa ɗaya kunne.

Kai ne, Baba, ka ɗaura wa kowane kebul ɗan ƙyalle da sunan ɗakinsa, kai da gindi. Kai ne ka kwanta rub da ciki a saman silin cikin zafin rana, ka sauko da yanar gizo a gira, muna dariya kana dariya. Mai haɗa nesa da kusa, ba ka taɓa cewa kowa, "Ba za ka gane ba."

Wannan ne halinsa da ya fi damun mutane a da. Baba ba ya gyara shi kaɗai. In ka kira shi, to ka shirya tashi daga kujera. "Zo ki gani, 'yata," haka yake ce wa Mai Kati, matar da ke tagar karɓar marasa lafiya. "Daga ƙasa ake farawa. Akwai wuta? Kebul ya shiga har ya ce ƙas? Fitila tana ci? In duk sun yi, sai mu hau sama." Ita kuwa ta ce, "Baba, layi ya kai ƙofa, ka gyara mini kawai don Allah." Ya ce, "Zan gyara. Amma da hannunki." Dogo ya sha yi masa tsiya, ya ce albashi ɗaya ake ba Baba amma ya mai da asibitin gaba ɗaya 'yan aikinsa. Ko masu shara bai bari ba. Ya nuna mana abin da za mu iya matsarwa da abin da ba a taɓawa, ya kuma gaya mana dalili.

Shekaru suka tafi. Tsofaffin kwamfutoci masu ƙaton ƙeya suka tafi, siraran suka zo. Wasu daga cikin waɗanda suka riƙe masa tsani a farko sun yi ritaya, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Sai idon Baba ya fara yin yana, gani ya ragu. A cikin kowane kebul akwai siraran wayoyi takwas masu launi dabam-dabam, kuma kowace da gurbinta. A da yana jera su yana hira. Sai aka fara ganinsa yana kai su bakin taga, yana matso da su dab da hanci. Ido ɗaya ya riga ya yi rauni sosai, likitan ido ya ce a yi wa ɗayan aiki tun da sauran dama.

A asibitinmu aka yi masa aikin, aka kwantar da shi a ɗakin maza na bene, ido a naɗe. Likitan ya ja masa kunne a gaban matarsa, wadda muke kira Inna. Ya ce, "Ba sunkuyo, ba ɗaga kaya, ba shiga ƙura. In aikin nan ya lalace, ba ni da wani idon da zan ba ka." Inna ta gyara zama a bakin gado ta ce, "Likita, bar ni da shi."

Washegari da hantsi netwok ɗin asibitin ya tsaya cak. Mai Kati ta kasa buɗe katin kowa. Dogo yana da sakamako a hannu, ba hanyar turawa. Layi ya fita har harabar waje, yara suna kuka. Wanda zai gaji Baba bai fara aiki ba tukuna, kamfanin da aka kira kuma suka ce sai gobe. Wani ya ce, "Ai Baba yana sama, a tambaye shi mana."

Sista Babba ta tare matakala da jikinta. Ta ce, "Duk wanda ya gaya masa, da ni zai yi. Kun san shi. Ba zai tsaya a baki ba, sai ya sauko ya cusa kai ƙarƙashin tebur. Gara mu koma ɗaukar takarda da ƙafa da mu makantar da bawan Allah."

Aka fito da tsofaffin takardu, masu ƙarfin ƙafa suka fara hawa da sauka kamar zamanin da. Sista Babba kuwa ta karɓi makulli wurin mai gadi, ta ja Mai Kati da Dogo zuwa ƙarƙashin matakala. Suka yi cirko-cirko a gaban akwatunan. Dogo ya ce, "Ni fa jini na sani." Mai Kati ta ce, "Yi mana shiru. Daga ƙasa ake farawa. Akwai wuta?" Akwai. Kebul duk suna ramukansu. Amma fitilun ba irin ƙyaftawar da aka saba suke yi ba, wannan ta yi, waccan ta huta. Duk gaba ɗaya suke rawa, ba tsayawa.

A sama kuwa, Baba ya karkata kai a kan matashi. Idonsa a rufe, kunnensa a buɗe.

Ya ce wa Inna, "Ke, tun ɗazu ban ji kukan firintar masu jinya ba."

Inna ta ce, "Takarda ce ta ƙare."

"To wannan gudun da ake yi a matakala fa?"

"Motsa jiki suke yi. Malam, kai da aka ce ka huta, ina ruwanka da ƙafafun mutane?"

Ya fara lalubar takalminsa da ƙafa. Inna ta sa hannu ta ɗauke su, ta zauna a kai. Ta ce, "In ka ga ka sauka daga gadon nan, to a kaina ka bi. Ni ba zan ƙare rayuwata ina jan ka da sanda saboda wata firinta ba."

A ƙasa Mai Kati ta tuna. Ta ce Baba ya taɓa nuna mata irin wannan rawar fitilu. Ya ce in saƙo ya sami hanyar da ke dawo da shi inda ya fito, zagaye zai yi ta yi, yana ƙaruwa, har ya toshe wa kowa hanya. Maganinsa a zare kebul ɗaya, a duba, a mayar, a zare na gaba. Ta fara zarewa. Dogo yana karanta ƙyallen. Ɗakin kati, ba canji. Ɗakin magani, ba canji. Da ta zare wanda aka rubuta wa "bene", fitilun suka lafa nan take, suka koma ƙyaftawarsu ta kullum. Daga taga aka jiyo wani yana cewa kwamfutar kati ta dawo.

Suka hau sama a kan yatsun ƙafa, domin ƙaramin suwic ɗin yana dab da ɗakin da Baba yake. Suka bi shi da irin wannan zare da mayarwa, suna magana da hannu, har ƙyalle ya kai su teburin masu jinya. A bangon bayan teburin akwai ramukan kebul biyu, kuma wani guntun kebul ya fito daga ɗaya ya shiga ɗayan. Ga hanyar da ke dawo da saƙo inda ya fito.

Sista Babba ta dafe ƙirji. Ta ce cikin raɗa, "Ni ce. Da safe na gan shi yana reto, kansa ɗaya a ƙasa. Shekarun da na yi ina jinya, ban taɓa wuce robar ƙarin ruwa tana reto ban maƙala ta ba. Hannuna ne ya yi kafin kaina." Dogo ya toshe baki da rigarsa, kafaɗunsa suna girgiza. Sista Babba da kanta ta zare shi. Mai Kati ta sauka ta mayar da kebul ɗin bene. Can sai firinta ta ɗauki kuka, ta yi ta amayar da duk takardun da ta riƙe tun safe.

Baba ya ce, "An sami takardar ke nan." Inna ta ce, "An samu."

Sai bayan an kwance masa ido, likita ya duba ya ce aiki ya yi kyau, sannan su ukun suka jeru a gaban gadonsa suka gaya masa. Ya saurara har ƙarshe bai katse su ba. Ya daɗe yana kallonsu da sabon idon, wanda ke ta zubar da ruwa. Inna ta ce na magani ne, amma ba wanda ya yarda. Daga baya ya ce, "Wato kun gyara ba da ni ba." Dogo ya ce, "Baba, ranka ya ɓaci ne?" Ya ce, "Kaɗan." Aka kwashe da dariya, har mara lafiyar gado na kusa ya taya su. Sai ya juya wajen Sista Babba ya ce, "Sista, guntun kebul ɗin nan ni na bar shi a wurin, ban gan shi da kyau ba. Rabin laifin nawa ne, ki bar mini."

Baba, mun gode. Kai ne ka rage wa marasa lafiya zaman jira, alhali yawancinsu ba su san fuskarka ba. Kai ne ka ƙi riƙe saninka a aljihu don a riƙa nemanka. Da ka riƙe, da ranar nan dole mu taso ka daga gado, da kuma yanzu wani ne yake karanta maka wannan rubutun. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara wa idon haske, Ya ba Inna ladan zama a kan takalma.

Ku kuma masu sana'a, kowace iri ce, in kun tsaya gyara, ku kira na kusa da ku ya matso ya gani, ko da yana ƙunƙuni. Ku bar shi ya sa hannu. Wata rana za ku kwanta ba ku iya tashi, kuma shi ne zai tsaya a bakin ƙofa ya ce a bar ku ku huta.