Tsinken Gwajin Anti Tela

Anti Tela ba ta taɓa yin kuskure ba tun da uwarta ta haife ta, in dai ita za ka tambaya. Riga ta matse ki, ke ce kika ƙara ƙiba. Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kafaɗarki ce a karkace. Haka ta yi shekaru a shagonta, tsakanin keken ɗinki biyu da madubi mai tsaga, tana cin kuɗin mutane tana cin mutuncinsu.

Gaskiya ɗaya dai, ta yi wahala. Ita ta riƙe ƙaninta Auta bayan rasuwar iyayensu, da wannan keken ta ciyar da shi har ya zama mai aski ya yi aure. Tana sonsa kamar ranta, amma irin son nan mai shaƙe wuya.

Da ƙiba ta fara hana ta sunkuyawa ta auna siket, sai ta yanke hulɗa da shinkafa, burodi, taliya da dankali, duk wani abinci mai sitaci. Ƙwai, nama, ganye, shi ke nan. Ta kuwa rame. Ta sayo wasu tsinkayen gwaji a kemis, kullum da safe ta tsoma ɗaya a fitsari. In ya rine, jiki ya rasa sitaci ya koma ƙona kitse, yana zubar da abin da ake kira kiton. Wayyo mu! Mace ta kawo ɗinki sai an nuna mata tsinken fitsari kafin a karɓi yadinta.

Sai ta juya kan Auta, wanda ke da ciwon suga tun yana saurayi, allura ce ke riƙe da shi.

"In ba ka cin sitaci, allurar ta mece ce?" in ji ta. "Likitocin nan kasuwa suka mai da kai."

Matarsa, Maman Biyu, ta ce, "Yaya, don Allah ki bar shi da maganinsa."

"Ke rufe min baki! Ina kike lokacin da nake wanke masa kashi? Ke kika kumbura shi da girkinki."

Auta, sakarai, ya bi yayarsa. Ya ɓoye wa matarsa ya daina allura.

Ba a jima ba ya fara shan ruwa kamar raƙumi, bakinsa na wani wari kamar ruɓaɓɓen ɗan itace. Wata safiya ya kasa riƙe injin aski, ya shigo shagon Anti yana amai, yana numfashi sama-sama. Ta ba shi tsinke ya zaga bayi. Da ya dawo, tsinken ya rine har ya fi nata duhu nesa ba kusa ba. Kun san me baiwar Allahn nan ta yi? Guɗa! Ta ce ciwon ne ke fita, ya daure.

Maman Biyu ta iso ta tarar da mijinta kwance kan tarin ƙyallaye, ido a juye. Anti ta tare ƙofa wai ba inda za a kai shi. Matar da ba ta taɓa ɗaga mata murya ba ta hankaɗe ta har Anti ta faɗa kan keke, sannan Maman Biyu ta yi ihu maƙwabta suka kinkime shi sai asibiti.

A asibiti likita bai ɓoye fushinsa ba. Ya ce mai lafiya in ya rage sitaci ya ga ɗan kiton a fitsari, ba abin tashin hankali ba ne. Amma mai irin ciwon Auta da ya bar allura, jininsa ne ke komawa guba, kuma da an ƙara jinkiri gawa za a kawo.

Anti ta zauna a baranda tana gaya wa duk mai wucewa cewa mugun baki aka yi musu. A ranta kuwa tsoro take ji na gaske, don duk duniya ba ta da kowa sai shi.

Da ya farfaɗo ta kutsa ɗakin tana kuka.

"Autana, ni ce."

Ya dube ta, robar ƙarin ruwa a hannunsa. Sannan ya juya fuskarsa bango ya ce wa matarsa, "Ki ce mata ta fita."