Lorraine, Mai Kawo Dare da La'asar

Da la'asar ta yi, kowa a garinmu na Manitoba ya san inda Lorraine Kostiuk take. Tana gonar gwaji ta ƙungiyar manoma, ita da guntun tsaninta, tana jan baƙin tamfol a kan wiwin zare. Wannan ba ya bugarwa, igiya da tufafi ake yi da ɓawonsa.

Wiwin nan mai suna sativa ɗan ƙasar zafi ne, dogo siriri, ya ninka Lorraine tsawo. Zarensa ba a magana, amma akwai shi da taurin kai, ba ya fure sai dare ya yi tsawo, kafin nan kuwa ƙanƙara ta ƙone shi. Namu gajeren yana nuna da wuri, sai dai zarensa abin kunya. In ba a haɗa su an sami dogo mai saurin nuna ba, masaƙar garin rufewa za ta yi, matasa su watse.

To yaya za a haɗa su, furensu ba ya zuwa tare? Sai Lorraine ta shiga yi wa dogon dabara. Ta rufe shi tun da la'asar ya ɗauka dare ne, da safe ta yaye. Fashin yini ɗaya na iya rikita shi, aikin shekara ya tafi.

Ranar auren ɗanta ce ba za mu manta ba. Ana tsakiyar rawa iska ta taso. Sai ga uwar ango ta cire takalmin gayu ta nufi ƙofa a guje.

Maƙwabcinta Wendell Dueck ya ɗaga murya: "Lorraine, ina zuwa? Ko abincin ba ki taɓa ba!"

"Kai dai ci gaba da cika tumbinka! Ina da wani auren a gona."

Amarya da kanta ta tattare riga ta ce, "Mama, jira ni!" Kan ka ce me, mutanen ɗakin taro duk sun koma gona. Maza da kwat sun rirriƙe tamfol, iska na jansu, Wendell ya yi zaman dirshan cikin taɓo yana ihu, "Na riƙe, wallahi na riƙe!" Mun yi dariya har da hawaye, kuma an rufe shukar.

Shekarar nan aka sami irin. Ta yi ta tace shi damina bayan damina, har ya zama wanda muke shukawa yau.

Lorraine, ke ce gajeruwar da ta lanƙwasa dogo. Ke kika hana 'ya'yanmu ɗaure kaya. Yau da kike ajiye tsani, mun gode ƙwarai, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Matasa, ga tsani nan a jingine, wani ya ɗauka.

Amarya ta riga kowa. Jiya da la'asar ita muka gani a kansa, surukarta na ƙasa tana faɗa: "Ja sosai, 'yata, ga haske nan yana shiga!"