Na Sallami Nas ɗin da Ke Juya Mijina

A lokacin ina da shekara arba'in da 'yan kai, ina sayar da wache, wato shinkafa da wake, a bakin titi a unguwar Nyohini da ke Tamale, maigidana Alhaji kuma direban babbar mota ne tsakanin Tamale da Kumasi. 'Ya'yanmu biyu mata ne, duk suna aure a kudu. Wata safiya yana alwala sai buta ta suɓuce daga hannunsa. Bayan mako uku a asibiti aka sallamo mana shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke.

Tukunyata kaɗai ke ciyar da mu, ba halin in zauna gida. Na nemi mai jinya har na gaji. Duk wanda na samu, kuɗinsa ya fi ƙarfina. Sai maƙwabciyata ta haɗa ni da wata nas da ta yi ritaya, Kirista 'yar kudu, kowa Madam yake ce mata. Ta yi min ragi sosai, duk da haka rabin ribata ke tafiya. Takan zo da hantsi ta goge masa jiki, ta shafa masa man kaɗe, ta riƙa juya shi daga wannan gefe zuwa wancan. Da Hausarta ta kasuwa take tsokanarsa, wai ya fi buhun masara nauyi, in ya warke sai ya kai ta Kumasi kyauta. Yakan yi dariya da rabin bakinsa.

A wata na biyu yayansa ya zo dubiya, ya tarar tana canza masa zane. Ya kira ni waje, ya ce bai dace macen da ba matarsa ba ta riƙa ganin tsiraicin Alhaji. Zai turo ƙaninsu daga ƙauye ya zauna da shi, abinci kawai zan ba shi. Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: daɗi na ji. Ba addini na tuna ba, kuɗin na tuna. Na ce wa Madam dangi ne suka hana. Ba ta yi fushi ba. A bakin ƙofa ta riƙe hannuna, ta ce ko me za a fasa kada a fasa juya shi duk bayan awa biyu, kuma in riƙa duba bayansa da idona.

Ƙanin nasu mutumin kirki ne. Yana ba shi koko, yana masa fifita, yana masa karatu. Sau ɗaya na gaya masa maganar juyawa, ya ce to. Amma mutumin da tun tasowarsa sai ya durƙusa yake gaida yayansa, ina zai iya ɗaga masa zane? Na san haka, ban sake tambaya ba. In na dawo a gajiye, sai in goge masa fuska da ƙirji, in zare ƙyallen da ya ɓata da sauri. Yakan damƙe hannuna yana ja, ni kuma ina ce masa ya yi haƙuri, sauƙi na nan tafe. Da ɗakin ya fara wari, turaren wuta na ƙara.

Wata Lahadi Madam ta biyo daga coci don ta gaishe shi. Tana shiga ta ajiye jakarta, ba ta nemi izinin kowa ba ta juya shi. Ba zan rubuta abin da muka gani ba. Likita ya ce gyambon da kwanciya ta yi masa a baya ya shiga jini. Kwana tara ya ƙara a duniya.

Masu ta'aziyya sun yi ta cewa na yi ƙoƙari, ni kuwa kaina a ƙasa. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, amma azabar makonnin nan da hannuna na sa masa. 'Yan'uwana mata, in jinya ta kama ku, ku tambayi malamai: lalura tana da hukuncinta, kunya ba ta warkar da ciwo. In kuɗi ne ya gaza, ku faɗa a fili cewa kuɗi ne, a taimaka muku. Kuma in marar lafiyan da ba ya magana ya ja hannunku, kada ku ce masa ya yi haƙuri. Ku duba.