Fararen Tabon Kawu

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, mahauci ne a babbar kasuwar Garwa. Ina karatun sinadaran jiki a Ngaundare wasu fararen tabo suka fito masa a gefen ido da bayan hannuwa. Ba ƙaiƙayi, ba ciwo. Amma matan da suka saba sayen nama a teburinsa suka fara wucewa gaba, har aka soma raɗe-raɗin kuturta ce.

Da na dawo hutu, mahaifiyata ta sa na raka shi asibiti, tunda Faransancinsa na ciniki ne kawai. Likitar ta taɓa tabon da tsinin allura, ya ce yana ji. Ta ce ba kuturta ba ce, kuma ba a ɗauka. Garkuwar jikinsa ce ke kashe ƙwayoyin da ke ba fata launi. Ta rubuta wani man shafawa, wanda sai daga Yawunde aka aiko mana.

Ya ƙi shafawa sai na gaya masa aikin man. Da na ga sunan, na tuna mun yi jarrabawa a kansa. Na ce a cikin ƙwayar garkuwar jiki akwai furotin mai kai saƙon fara hari, amma wasu 'yan guntayen fosfet suna riƙe da shi wuri ɗaya. Akwai kuma wani sinadari, enzayim, daga dangin da ake kira fosfatas, mai cire guntayen. Da ya cire, saƙo ya wuce. Wannan enzayim ɗin man yake hana wa aiki. Na ƙara masa da cewa asali don masu dashen gaɓoɓi aka samar da maganin.

Ya juya kwalin a hannunsa. "To idan ya hana garkuwar faɗa, wa zai tsare ni?"

"Inda ka shafa kawai yake aiki, Kawu."

Ya yi bismilla ya shafa. Da farko ya yi ta ƙorafin raɗaɗi, daga baya ya saba. Kafin damina ta wuce, baƙaƙen ɗigo suka fito a tabon fuskar, suka yi ta haɗewa har ya kusa rufewa. Hannuwan kuwa ba su sauya ba, kuma likitar ta ce dama sun fi taurin kai.

Wasu daga cikin matan sun dawo, wasu ba su dawo ba. Ya bar wa babban ɗansa teburin, shi kuma ya koma kai nama ga masu tsire na bakin gadar Binuwai. Yanzu a can yake wuni.