Baba Ribas, Mai Kallon Wuyan Mutane

Kafin kowa ya iso ma'aikatarmu, Baba Ribas ya riga ya share filin ajiye motoci, ya rataya usur a wuya, yana jiran gwanayen tuƙi. "Taho, taho... tsaya! Na ce tsaya, ranka ya daɗe, katanga ba ta matsawa!" Haka muka san shi tun gashinsa na baƙi, ga shi yanzu zai ajiye aiki.

An taɓa kafa kwamiti guda don auna ɗa'ar ma'aikata, aka sha shayi har aka gaji. Shi kuwa Baba ma'auninsa ɗaya ne. Ya ce in mutum ya daki motar wani, kalli wuyansa. Na kirki ɓarnar yake fara dubawa, ɗayan kuwa sai waige-waige, ko wa ya gan shi.

Ran nan ma'aunin ya faɗo gidansa. Direban ma'aikata, mijin 'yar Baba ta fari, ya farfasa fitilar motar manaja a kan idon Baba, ya waiga, ya sulale. Laifi ya hau kan sabuwar akawu mai koyon tuƙi, har ana batun sallamarta, baiwar Allah sai kuka take.

Surukin ya tare Baba a bayan tankin ruwa.

"Baba, ka rufa mini asiri. Jikokinka fa."

"Ai ba zan kai ƙararka ba, ɗana. Amma in an tambaye ni, ba na ƙarya."

"Alhamdu lillahi, ba mai tambayarka."

"Shi ya sa zan je in zauna a ƙofar manaja har ya tambaya."

Ya saɓi bencinsa ya nufi bene. Wallahi a matakala direba ya wuce shi da gudu, ya je ya amsa laifinsa. Aka dakatar da shi, akawu ta tsira da aikinta. 'Yar Baba kuwa ta daɗe ba ta gaishe shi ba, abin ya ci shi, mun ga ramar da ya yi.

Kai ne, Baba, wanda bai sauya mudu ba don na gida ya zo awo. Mun gode, Allah ya sa ka huta lafiya. Mu da muka rage, in mun yi ɓarna mu fara duba ɓarnar. Ba wuya ba ne. Ko shugaban kwamitin, da ya gogi ƙofar motar wani jiya a gabanka, fitowa ya yi ya durƙusa yana duba fenti, wuya a sandare, zufa na karyo masa, bai yarda ya waiga ba.