Gorar Ruwan Kawu

Jiya jijiyar cinyata ta ɗaure ina ban ruwa a lambun albasa a Badaguishiri, sai na ji muryar kawuna kamar yana tsaye bisa kaina: "Gajiya ƙarya ce, jiki ke shirga ta."

Tsohon ɗan kokawa ne, a da shi ke horar da ni da ɗansa Illiya. Ba ya fitar da mu sai rana ta take a bazara, lokacin da rairayin ƙorama ke gasa tafin ƙafa. Mu yi ta gudu da buhun ƙasa a kafaɗa, shi yana inuwar gawo da gorar ruwa tsakanin ƙafafunsa. Ba mai sha sai ya ce.

Wata rana zufa ta ƙafe wa Illiya. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ruwa." Kawu ya kurɓa, ya kurkure baki, ya tofar a gabansa. "Tashi. Abokin karawarka na garin Tajaye bai zamna ba."

Illiya ya tashi, ya ɗan ruga, ya kife. A amalanke muka kai shi asibiti, fitsarinsa baƙi kamar shayi. Likita ya ce zafi ya dafa naman jikinsa, ƙoda ta taɓu. Ya rayu, amma har yau ko tulu ba ya iya ɗauka.

Kawu bai je duba shi ba. Har ya rasu, in an tambaye shi jikin ɗansa, cewa yake, "Raggo ne."

Allah Ya jiƙan shi, Ya yi masa sassaucin da bai yi wa Illiya ba.