Mudun Gishiri a Tankin Baba

In ana maganar kifi a gidanmu, ba na yarda a ɗaga mini murya. Shekara goma sha biyu ina kiwon tarwaɗa a hanyar Garam, kududdufin siminti huɗu, masu gasa kifi ma na bakin titi sun san nawa. Mutum ɗaya ne ya taɓa raina mini sana'a, Babanmu, Allah ya jiƙansa. A wurinsa kifina abinci ne, nasa kuwa jama'a ne.

Baba ya yi aiki a wani otal a Abuja, ya bi motar asuba ya dawo da magariba, aikinsa kula da wani ƙaton tankin gilashi mai kifayen teku. Da ya yi ritaya, maimakon ya sayi awaki kamar kowa, sai ya haɗa nasa ƙarami a falo. Ruwan teku a tsakiyar Suleja, jama'a! Har sola ya sa masa, don in an ɗauke wuta mu mu sha gumi, amma injin iskan kifi ba ya tsayawa. A ciki akwai duwatsu da murjani mai rai, mai motsi kamar ciyawa, da kifi uku: biyu ruwan lemo masu ratsin fari, sai wani shuɗi mai wutsiya rawaya wanda bai wuce tafin hannu ba. Shuɗin nan shi ne na gaban goshi. Kullum bayan la'asar Baba zai ƙwanƙwasa gilashin sau uku da zobensa na azurfa, shi kuma ya fito daga bayan dutse ya karɓi abinci a yatsunsa.

Inna kuwa shekara tara tana kiransa kifin da ba a ci. Takan zauna a falon da tiren wake tana tsincewa, Baba yana ta zuba mata karatu a kan zafin ruwa da yawan gishiri, ita kuma ba ta ko ɗaga kai. In ya yi tsawo ta ce, "Malam, ka sayar da shi mu huta." Shi kuma ya ce, "Ke dai ba ki da rabo a ilimi."

Baba ya rasu bayan gajeriyar jinya. Inna ta shiga takaba, ta kuma daina shiga falon gaba ɗaya, ko labulen ba ta ɗagawa. Ciyar da kifi ya dawo kaina. Na ƙwanƙwasa gilashin da makullin babur, na ƙwanƙwasa da cokali, shuɗin nan ko kallo ban ishe shi ba. Sai na fita yake leƙowa ya tsinci abin da ya faɗi. Ni da nake ciyar da kifi dubbai, ɗan tsurut yana mini yanga!

Ranar sadakar arba'in gidan ya cika. Masu kawo shinkafa sun kawo, masu sukari sun kawo. Can sai ga tsohon abokin aikin Baba, mutumin kudu ne, Kirista, yana haya a Bagama, mu tun muna yara Kawu muke ce masa. Yana riƙe da leda cike da ruwa, a ciki wani kifi rawaya shar.

"Babanka ya daɗe yana son irin wannan," ya ce da Hausarsa mai tsalle-tsalle. "Na yi masa alkawari, ban cika ba. Ka sa shi a masaukin baƙi, ka ji, ɗana?"

Masaukin baƙi wani ɗan tanki ne da Baba yake ajiyewa a sito. Duk sabon kifi sai ya yi wata guda a ciki shi kaɗai kafin a haɗa shi da 'yan gida. Na sani sarai. Amma ga waina ana rabawa, ga malamai suna jira, wa zai tsaya kakkaɓe wani tanki? Na ce, "To, Kawu." Yana juya baya na kwance ledar na juye baƙo cikin 'yan gida.

Kwana goma ba su cika ba na ga abin. Fararen ɗigo-ɗigo a jikin baƙon, kamar an barbaɗa masa gari, washegari kuma a jikin kowa. Shuɗin yana goga gefensa a dutse, yana numfashi da sauri. Ban ji ko ɗar ba. Duk mai tarwaɗa ya san maganin wannan, kifi ya fara ƙaiƙayi, ka ba shi gishiri. Na shiga kicin na cika mudu da gishirin miya, na zazzage a tankin, na kaɗe hannu na hau babur. A hanya har ina ce wa kaina ai da Baba ya saurare ni da tuni ya huta da sayen tarkace.

Da azahar na dawo na ga labulen falo a ɗage. Inna ce a tsaye da hijabinta, ta bi sawun gishirin da ya zuzzube tun daga kicin. A kan tebur ga faranti, a ciki baƙon da ɗaya daga cikin masu ratsi, sun sandare. A hannunta kuma ga ma'aunin gishirin Baba, wani abu mai kama da tocila da ake ɗiga masa ruwa a leƙa da ido ɗaya. Ni ko riƙe shi ban iya ba.

Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana. "Kai wannan," ta ce, "miya kake haɗawa?"

"Inna, ai haka muke yi wa tarwaɗa."

"Tarwaɗarka a ruwan rijiya take. Wannan a cikin gishiri aka haife shi, cutar ma haka. Ka ƙara musu gishiri don wa? Rage shi ake yi, shashasha!"

Shekarata arba'in da ɗoriya, da 'ya'ya huɗu, na tsaya tsuru-tsuru. Ta juya ta kalli shuɗin, ya kwanta a gindin dutse yana haki, sai muryarta ta sauka. "Wannan dai ba zai mutu a hannunmu ba. Ɗauko masaukin baƙi."

Daga nan ta shiga ba da umarni, ni kuwa na ji kamar Baba ne yake magana ta bakinta. Abin da ke jikinsu ƙyandar kifi ce, in ji ta, wasu ƙananan ƙwari ne da ke shiga fata su ci su ƙoshi, sa'an nan su sauka cikin yashi su hayayyafa, 'ya'yan su taso neman kifi. In ba su sami kifi ba, yunwa ta kashe su. Don haka za a kwashe kifin da suka rage a kai su ɗan tankin, a riƙa rage gishirin ruwansu kaɗan-kaɗan har ƙwarin su kasa rayuwa, kifin kuwa zai jure. Babban tankin a canza masa ruwa saboda ɓarnar da na yi wa murjanin, a bar shi ba kifi ko ɗaya, wata biyu da rabi. Ba a zuba magani a cikinsa, murjanin zai kashe.

"Inna, a ina kika san duk wannan?"

"Shekara tara ina tsince wake a nan. Ka ɗauka kurma ce ni?"

Ni dai ban yarda ba sai da na buga wa Kawu waya na sa a sifika. Ya saurara har ƙarshe ya ce, "Mama ta fi ni sani, ka bi abin da ta ce." Sai ya hau zargin kansa, wai shi ya kawo mana cuta gida. Inna ta zuba mini ido. Dole na buɗe baki na ce, "Kawu, ni ne ban sa shi a masaukin ba." Sai ya ce, "Da babanka na nan, yau da ka kwana a Garam."

Tunda ita ba ta fita, ni na zama ɗan aike. Na sha cunkoson Zuba zuwa Abuja neman gishirin teku na gaske, na yi jigilar tataccen ruwa a jarka. Ta sa na yanko guntayen bututun ruwa na jefa a ɗan tankin don su sami wurin ɓuya. Safe da yamma tana ɗiga ruwa a ma'auni ta leƙa. Shuɗin ya yi kwana uku bai ci komai ba, ita ma na lura tuwonta yana dawowa kicin rabi. Sai ta daka tafarnuwa ta jiƙa abincinsa da ruwan, yadda Baba yake yi. A rana ta huɗu ya ɗan tsattsaga. Ranar har ta ce a sayo mata tsire.

Masu zuwa gaisuwa kuwa sun sami abin yi. Su leƙa babban tankin, ga wuta ga iska ga duwatsu, ba kifi. Wata maƙwabciyarmu ta ce, "Hajiya, ashe dai kun soye su?" Inna ta ce, "Wannan ne ya fara sa gishiri, man ne bai samu ba." Aka yi ta dariya, ni ina gefe ina cika ina batsewa.

Da aka yi sati biyu jikin shuɗin ya yi fes, ba ɗigo ko ɗaya. Na ce to alhamdulillahi, a mayar da su gida. Ta ce a'a. Bayan wata guda ta fara ƙara musu gishirin a hankali har ya dawo daidai, na sake cewa a mayar. Ta ce a'a, na cikin yashin ba su gama mutuwa ba. Na fusata, don na gaji da jarka.

"Haba Inna! Kifi lafiyarsa lau, an kulle shi a ɗan akurki sai kallon bango yake yi. Har yaushe?"

"Har kwanakin su cika," ta ce. "Ni ma ga ni a zaune, ban mutu ba."

Ban sake tayar da maganar ba.

Kwanakin tankin sun riga na takabarta cika da 'yan kwanaki, amma ta ce a jira. Ranar da ta fita takaba aka yi mata kitso da lalle, ta sa atamfa mai launi, mata suka cika tsakar gida. Da safe na mayar da kifin biyu. Mai ratsin ya hau zagaye, shuɗin kuwa ya shige bayan dutsensa na da, ya yi lamo.

Bayan la'asar ta bar baƙinta ta shigo falo. A babban yatsanta na ga zoben Baba, ya yi mata yawa, ta naɗa masa zare. Ta ɗebi abinci ta tsoma yatsu a ruwan, da ɗayan hannun ta ƙwanƙwasa gilashin sau uku. Shiru. Na ce a raina yau ma za a sha yanga. Sai ga wutsiya rawaya ta motsa, ya fito, ya tsaya, ya taso kai tsaye ya karɓa a hannunta.

"Kifin da ba a ci," ta ce masa. "Shekara tara ina cewa ya sayar da kai."

Hawaye na zuba a kan sabuwar atamfar, ba ta share ba, don hannunta ɗaya na cikin ruwa ɗayan na kan gilashi. Ni ma kuka ya zo mini, na juya na fita. Ban kai ƙofa ba ta ce, "Kai wannan, ka biya ni gishirina."